Tambaya da Amsa: Gorar da ta ƙanƙance a ruwan zafi, da abinda ke gudana a cikin roba

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonnin da suka shigo kwanan nan da yawansu kan roba suke, tun daga mai zoɓo har ɗalibin jami'a, kuma da na jera su sai naga kusan tambaya ɗaya ce ake yi ta bakuna daban daban, shi yasa na haɗa su wuri guda. Wanda bai ga tasa ba yayi haƙuri tana nan a layi insha Allah.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni ina sana'ar zoɓo da kunun aya ne a gorunan ruwa da nake saro wa, toh rannan nace bari in ƙara tsafta sai na tafasa ruwa na zuba musu, wallahi kafin kace me duk sun ƙanƙance sun murɗe, wasu ma murfin ya daina kama bakin. Robar ce mara kyau aka sayar min ko kuwa? Daga wata uwargida a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. Ba a cuce ki ba, ko sabuwa fil daga kamfani kika zuba wa tafasasshen ruwa haka zata yi. Juya gindin gorar zaki ga lamba 1 a cikin wani ɗan zane mai kusurwa uku, wannan lambar tana nufin robar da ake kira PET, da ita ake yin kusan duk gorunan ruwa da na lemo. Wasu 'yan Birtaniya biyu, Whinfield da Dickson, su suka haɗa ta a 1941, sai a 1973 wani injiniyan kamfanin DuPont mai suna Nathaniel Wyeth ya yi rajistar gorar da ake hurawa da ita.

Toh kinga ita roba, kowace iri ce, ƙwayoyinta ba 'yan dunƙule bane kamar na ruwa ko gishiri, dogayen sarƙoƙi ne sirara, ƙwaya iri ɗaya ake ta maimaitawa ana ɗaura ta a wutsiyar 'yar uwarta, a PET ta gora sau ɗari da wani abu, a ledar fiya wata kuma sau dubbai. Shine ake kira folima. Wani Bajamushe Hermann Staudinger ne ya fito da wannan magana a 1920 kuma manyan masana na lokacin basu yarda da shi ba, sai da aka kai 1953 kafin a bashi kyautar Nobel. Ki ɗauka tukunya ce cike da dafaffiyar taliya, kowane sili ya shiga cikin ɗan uwansa ya harɗe, babu layi babu tsari, toh haka sarƙoƙin suke a cikin narkakkiyar roba. In aka sanyaya ta a hankali wasu sassan sarƙoƙin sukan samu lokaci su jeru sahu sahu su zama kiristal, in kuma aka sanyaya da sauri sai su sandare a yadda suke, a cukurkuɗe. Wannan sandararriyar mara tsari ita ce take garau ana hango abinda ke ciki, domin babu 'yan dunƙulen kiristal da zasu tarwatsa haske.

Yadda ake yin gora kuwa, ana fara zuba wani ɗan gajeren bututu mai kauri wanda bakinsa a gama yake har da zaren murfi, sai a ɗumama jikinsa zuwa wajen digiri 100, a sa shi cikin mazubin ƙarfe, wata sanda ta ja shi ta tsawo iska mai ƙarfi ta hura shi ta faɗi, yana taɓa sanyin ƙarfen sai ya sandare nan take. Kenan sarƙoƙin da ke jikin gorar ki a miƙe suke a ɗaure, ba da son ransu ba, sanyi ne ya riƙe su a haka. PET tana fara sakin jiki a wajen digiri 70 zuwa 75, shi kuma tafasasshen ruwa yana kusa da 100, da kika zuba sai sarƙoƙin suka samu damar motsi, abu na farko da suka yi shine komawa nannaɗewar su ta da, gorar ta nufi komawa girman ɗan bututun da aka huro ta daga shi. Bakin kuma yayi laushi ya karkace shi yasa murfi ya ƙi kamawa. Lura ba narkewa tayi ba fa, narkewar PET sai wajen digiri 250.

Shawarata ki riƙa wankewa da sabulu da ruwa mai ɗumi wanda hannu ke iya jurewa, ki ɗauraye sosai ki kife su bushe, kuma zoɓon ya huce sarai kafin ki ɗura. Duk gorar da ta kakkarce ta ciki ko tayi fari fari ki fitar da ita, datti yana maƙalewa a karcen nan sabulu baya kai masa. In jari ya ɗan ƙaru gara ki koma sayen sabbin goruna da sabbin murafe, yafi miki kwanciyar hankali da masu sha.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne ina karanta kemistiri, a darasin tamodainamiks malaminmu yace folima mara tsari in ta sandare ba a daidaito take ba, wai bata zauna ba har yanzu tafiya take. Ni kuma ina da rular roba tun ina sakandare tana nan yadda take. In da gaske bata zauna ba me yasa bana ganin ta canza? Abin ya ɗaure min kai kuma jarabawa ta kusa. Daga Zariya.

AMSA: Ƙanena malaminku gaskiya ya faɗa, kaima abinda idonka ya gani gaskiya ne, kuma in ka fahimci yadda biyun suka haɗu ka gama da rabin darasin. Tambayoyi biyu ne ake cakuɗawa. Ta farko, ina abu yake son zuwa. Ta biyu, yana da halin zuwa can ɗin a cikin lokacin da muke da shi? Tamodainamiks, wato ilimin zafi da makamashi, ta farko kawai take amsawa, bata da agogo ko kaɗan.

Ka tuna lissafin Josiah Willard Gibbs na jami'ar Yale da ya fitar tsakanin 1875 da 1878, G = H − TS, inda G shine makamashin Gibbs, H entalfi wato makamashin da abu ke ɗauke da shi, T kuma zafi. A zafi da matsi tsayayyu, abu yana gangarawa ne zuwa halin da G ɗinsa yafi ƙanƙanta. H tana son ƙwayoyi su matsu kusa da juna a jere domin a nan jan da ke tsakaninsu yafi ƙarfi, ita kuma S wato entirofi tana ƙirga yawan hanyoyin da abu zai iya kasancewa, kuma ana ninka ta da T, saboda haka in zafi yayi sama ita ke da rinjaye abu ya narke, in zafi yayi ƙasa H ta karɓi ragama abu ya nemi zama kiristal. Misalin da ba'a mantawa shine daimon. A zafin ɗaki da matsin iska na yau da kullum garafait, baƙin abin nan na cikin fensir, G ɗinsa yafi na daimon ƙasa da kusan kilojul 2.9 na makamashi a kowane mol, wato kowane giram 12 na kabon, kenan a lissafi duk daimon ɗin duniya garafait yake son zama, amma kafin hakan sai an tsinke ɗaurin kabon da kabon masu ƙarfin gaske, zafin ɗaki bashi da wannan ƙarfin, shi yasa yake nan shekaru miliyoyi.

Yanzu dawo kan sarƙa. Ɗauki ta foliyetilin, robar da ake yin leda da ita, mai kabon 20,000, in ka miƙar da ita sak zata kai kusan nanomita 2,500 (nanomita miliyan ɗaya ne milimita ɗaya), amma a cikin narkakkiyar roba nisan kanta da wutsiyarta bai fi wajen nanomita 60 ba, domin hanyar miƙewa sak guda ɗaya ce tal, hanyoyin nannaɗewa kuwa basu ƙirguwa. Paul Flory ne yace sarƙa a cikin 'yan uwanta tana nannaɗewa ne kara zube kamar babu kowa a kusa da ita, mutane da yawa sun yi shakka, sai da aka zo gwaji da niyutiron, wasu 'yan ƙwayoyi na cikin atom, a shekarun 1970 aka ga hakane, ya karɓi Nobel a 1974. Wannan ita ce siffar folima mara tsari, in ka duba kusa kusa, tazarar ƙwaya da maƙwabciyarta tana da ɗan ƙa'ida, in ka matsa nesa kaɗan babu wani tsari da ke maimaita kansa.

Toh sai ka fara sanyaya ta. Tana tsukewa, 'yan guraben da ke tsakanin sarƙoƙi suna raguwa, kowane yanki da zai juya sai maƙwabtansa sun matsa masa, su ma sai nasu maƙwabtan sun matsa, motsin yana ta yin nawa har a kai inda juyi ɗaya yake ɗaukar lokaci fiye da wanda kai mai sanyayawa ka bayar. A nan ta sandare, shine Tg, zafin komawa halin gilashi. Na folistairin wajen digiri 100 ne, na PMMA da ake kira akirilik wajen 105, PVC mara haɗi wajen 80, folikabonet wajen 147, ɗanyen danƙo kuma can ƙasa wajen 70 ƙasa da sifili. Abinda zai nuna maka cewa wannan ba irin daskarewar ƙanƙara bace shine Tg bashi da lamba ɗaya tsayayya, in ka ninka saurin sanyayawa sau 10 yakan ɗaga da kusan digiri 3 a folima da yawa, ƙanƙara kuwa a sifili take narkewa ko kayi sauri ko kayi nawa. Wannan ka riƙe shi da kyau domin malamai suna son tambayarsa.

Akwai wani wuri da ɗalibai ke zamewa. Ba kowace folima mara tsari bace take da kiristal ɗin da zata koma. PET tana da shi, in ka riƙe ta a wajen digiri 120 zuwa sama na ɗan lokaci zata yi fari domin ta fara jeruwa. Amma folistairin da aka saba yin rula da kofunan roba masu garau da ita, zobban kabon da ake kira benzin da ke rataye a jikin sarƙarta wani dama wani hagu suke babu ƙa'ida, ko shekara dubu ka bata ba zata jeru ba. Sai a 1954 Giulio Natta a Italiya ya nuna yadda ake sa rassan su fuskanci gefe ɗaya da irin sinadaran Karl Ziegler, su biyun suka raba Nobel a 1963. Duk da haka rularka bata zauna ba, domin ta sandare ne da gurabe fiye da yadda ya dace da zafin ɗaki, kuma a hankali a hankali tana ƙara tsukewa tana neman matsewar da ta dace da ita. Ana kiran wannan tsufan jiki, babu wani ɗauri da ya tsinke, babu sinadarin da ya canza, matsewa ce kawai, kuma tafiyar tana ƙara nawa ne kullum domin duk tsukewar da tayi tana ƙara rage mata wurin motsi. Ido baya ganin wannan amma na'ura tana gani, nauyinta a kowane ma'aunin girma yana ɗan ƙaruwa, tana ƙara tauri tana ƙara gautsi, in aka ɗumama ta a na'urar auna zafi sai a ga ta sha zafi fiye da sabuwa a daidai Tg. Kuma in ka wuce da ita sama da Tg ka sake sanyayawa duk tsufan ya goge ta dawo sabuwa.

Ni abinda yafi burge ni a wannan fanni shine har yau ba'a rufe shi ba. A 1948 Walter Kauzmann na jami'ar Princeton ya lura cewa in ka bi layin entirofin ruwan da aka sanyaya ƙasa da wurin daskarewarsa ka ci gaba da jan layin, za'a kai wani zafi sama da cikakken sifili, wato sanyin da babu wanda ya fi shi, inda entirofin ruwan zai faɗi ƙasa da na kiristal, abinda hankali baya ɗauka, sai dai kullum sandarewa tana riga zuwa ta tare hanya. A 1958 Julian Gibbs, wani Gibbs ɗin ne daban, shi da DiMarzio suka ce akwai wani sauyi na haƙiƙa a ɓoye ƙasa da Tg, wasu kuma suka ce babu komai sai nawar motsi. Philip Anderson mai Nobel ya rubuta a 1995 cewa yanayin gilashi watakila shine matsala mafi zurfi da ba'a warware ba a ilimin daskararrun abubuwa. Saboda haka ɗaure kan da kayi a wurin da ya dace kayi shi. Allah ya bada sa'ar jarabawa.

TAMBAYA: Malam ina bada hayar kujerun roba da rumfuna na biki. Kujera sabuwa ko an jefo ta daga mota bata komai, amma in ta kwana biyu sai ta koɗe tana fitar da wani farin gari, mutum na zama ƙafa ta ɓalle. Wannan shine tsufan da ake cewa roba nayi? Akwai maganinsa? Daga Gusau.

AMSA: Alhaji wannan daban yake da wanda na yi wa ɗalibin can bayani, kuma yafi shi muni domin shi baya gyaruwa. Yawancin kujerun nan da folifirofilin ake yinsu, mai lamba 5, ita kuwa rabi da rabi ce, wajen rabin jikinta kiristal ne sauran mara tsari, kuma wannan sashe mara tsari a zafin garuruwanmu laushi gare shi domin Tg ɗinsa yana kusa da sifili, shi ke shanye bugu in kujera ta faɗo daga mota. Akwai kuma sarƙoƙin da suka taso daga wannan kiristal suka ratsa ta sashen mara tsari suka shiga wancan, su ne suke ɗinke kujerar wuri ɗaya.

Matsalar ita ce iskar oksijin bata iya kutsawa cikin kiristal saboda a matse yake, ta sashen mara tsari take bi. Hasken rana, ɓangaren nan na UV da ido baya gani, sai ya kunna wutar, oksijin ta kama sarƙa ta tsinke ta, kuma waɗanda ake tsinkewa su ne dai masu ɗinkin nan. Guntayen da aka yanke sai su samu sauƙin jeruwa su ƙara zama kiristal, fatar kujerar ta tsuke ta tsattsage da 'yan tsagu ƙanana, garin alli da kala da aka cakuɗa a ciki ya fito fili, shine farin garin da kake gani a hannu. Mutum na zama, ɗaya daga cikin tsagun nan ta zarce ciki, ƙafa ta tafi. In aka yi kujerar da tsohuwar robar da aka sake narkarwa kuma aka cika mata alli don a rage kuɗi, toh tun daga kamfani sarƙoƙinta gajeru ne, shekara ɗaya ma da ƙyar.

Maganin gyara babu, na kariya ne akwai. Kada su riƙa yini a rana in ba aiki suke ba, a tara su a rumfa ko a lulluɓe da tamfol, wannan kaɗai zai ƙara musu kwana sosai. Wajen saye ka lanƙwasa bayan kujerar kaɗan, mai kyau tana bada kai ta dawo, mai alli da yawa zaka ji ta a sandare kuma fatarta bata sheƙi. Ka lura tankunan ruwa da bututun da ake shimfiɗawa a fili yawanci baƙaƙe ne, garin kabon ake zuba musu kamar kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, shi ke shanye hasken tun a fata kafin ya shiga.

Tunda maganar ta kawo nan, a lissafin Gibbs duk wata roba da ke cikin iska inda take son zuwa shine ta haɗu da oksijin ta zama ruwa da iskar kabon, rana tana kaita can a hankali, wuta kuma a guje. Amma wutar murhu bata ƙona ta tas, shi yasa nake roƙon iyayenmu mata da masu shayi a daina hura gawayi da leda da guntun roba, musamman PVC irin ta bawon waya da tsohon takalmi, hayaƙinta yana ɗauke da iskar asid mai cin huhu da wasu gubobi masu daɗewa a jiki, kuma yara ne ke zaune kusa da murhun.

TAMBAYA: Na ji ance gilashi ruwa ne mai kauri, wai tagogin tsofaffin majami'un Turai ƙasansu yafi samansu kauri saboda gilashin yana zubowa. Gaskiya ne? Daga wata malamar firamare a Maraɗi.

AMSA: Malama ba gaskiya bane, kada a koya wa yara. Tsarin cikin gilashi yayi kama da na ruwa, wannan haka yake, amma Tg na gilashin taga ya haura digiri 500, a zafin ɗaki a sandare yake ƙam. Wani masani ɗan Brazil, Edgar Zanotto, yayi lissafin a 1998 ya nuna lokacin da gilashin zai ɗauka kafin a ga ya zubo ya zarce shekarun duniyar baki ɗaya nesa ba kusa ba. Masu yin gilashi na da ne basa iya fitar da shi da kauri ɗaya, masu sawa kuma suka fi ɗora ɓangaren mai nauyi a ƙasa. Abinda yake zuba da gaske shine kwalta. A jami'ar Queensland ta Ostireliya Thomas Parnell ya zuba ta a mazurari a 1927 ya buɗe ƙasan a 1930, ɗigon farko ya faɗo a 1938, na tara sai a 2014, alhali in ka buga mata guduma fashewa take.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ni manomin rani ne. Tiyon ban ruwa da asubar hunturu yakan sandare ko naɗe shi baka iyawa, rana na ɗagawa kuma yayi laushi tiɓis. Sannan in ya shekara biyu sai ya zauna a sandaren dindindin. Me ke kawo haka? Daga Kadawa.

AMSA: Sannu da aiki Malam, Allah ya bada yabanya mai albarka. Irin tiyon nan mai laushi yawanci PVC ne, asalinta kuwa tauri gare ta, ita ce dai farin bututun famfo. Tun 1926 Waldo Semon na kamfanin Goodrich a Amurka ya gano in aka dafa ta da wani irin mai, ƙananan ƙwayoyin man suna shiga tsakanin sarƙoƙi su buɗa musu wuri, sai Tg ya sauko daga wajen 80 zuwa kusa da sifili ko ƙasa da haka gwargwadon yawan man. Kuma sauyin ba a digiri ɗaya yake faruwa ba, a shimfiɗe yake, saboda haka sanyin asubar hunturu ya isa ya taɓa gefensa tiyo yayi tauri, hantsi nayi ya saki. Shi kuma man ba a ɗaure yake da sarƙoƙin ba, zaman haya yake, rana da ruwan da ke wucewa suna ta fitar da shi kaɗan kaɗan, in ya ragu sosai Tg ya hau sama da zafin gari tiyo ya sandare kenan. Kada ka riƙa naɗe shi ko jansa da asuba, a lokacin yake tsagewa, bari rana ta ɗan taɓa shi, in an gama kuma a zubar da ruwan ciki a kai shi inuwa.

Wannan abu da kake gani a gona ya taɓa cin rayuka. Ranar 28 ga Janairun 1986 kumbon Challenger na Amurka ya tarwatse daƙiƙa 73 da tashi daga Florida, mutum 7 suka mutu har da wata malamar makaranta. Da safiyar ranar sanyi ya kai wajen digiri 2, zobban danƙon da ke toshe mahaɗar rokar basu kai ga zama gilashi ba amma sun yi nawar da basu iya dawowa da sauri su cike gurbi ba, iska mai wuta ta samu hanya. Masanin kimiyya Richard Feynman ya nuna hakan a gaban kwamitin bincike da kyamarori, ya matse guntun zoben ya tsoma a ruwan ƙanƙara, da ya sake shi bai koma siffarsa nan take ba. In kana son ka ji aikin sarƙoƙin nan da jikinka, samu danƙon ɗaure kuɗi ka ja shi da sauri ka taɓa a leɓe zaka ji ɗumi, ka sake shi ka kuma taɓawa zaka ji sanyi. Wani makaho masani a Ingila, John Gough, da leɓensa ya gano haka ya bayyana a 1805.

TAMBAYA: Malam ina da ɗan kemis a unguwa. Kusan kowane kwali an rubuta a ajiye a wuri mai sanyi mara laima, ga shi wuta bata samuwa shago kuma kwano ne. In magani bai kai ranar lalacewarsa ba ai ina ganin ba matsala ko? Daga Damaturu.

AMSA: Akwai matsala ɗan uwa, ranar da aka buga a kwali an buga ta ne bisa sharaɗin an ajiye shi yadda aka ce. Kuma a garinku kana da misalin a hannu, ƙaro. Ƙaron dakwara da ake tsinta a Yobe da Borno da Jigawa har Chadi da Sudan folima ce ta Allah mara tsari, da rani in ka fasa busasshe sai ya tsage yana ƙyalli kamar kwalba, damina na shigowa in ba'a adana shi da kyau ba sai ya fara danƙo yana mannewa, domin ruwa yana yi masa abinda mai ke yi wa PVC, yana saukar da Tg. Bawon kafso ma haka yake, shi yasa kake ganin yana laushi yana manne wa juna in ya sha laima.

Abin ya wuce bawo. Magunguna da yawa na zamani in suna kiristal basa narkewa sosai a ciki, sai a narka su a cikin folima a sandarar da su babu tsari, a haka jiki yafi shan su, amma ka gane an ajiye su ne a halin da ba nan suke son zama ba, taurin folimar ne kawai yake hana ƙwayoyin maganin haɗuwa su jeru. Zafi da laima in suka haɗu suka sassauta folimar, maganin zai iya komawa kiristal, ƙwaya tana nan kyakkyawa a ido amma abinda ke shiga jini ya ragu. Kamfanin magunguna na Abbott ya ga irin ƙarfin wannan lissafi na Gibbs a 1998, lokacin da maganin ƙanjamau ritonavir ya ɓullo da wata sabuwar siffar kiristal wadda tafi ta farko zama kuma bata narkewa sosai, dole aka janye kafson daga kasuwa na wani lokaci. Daga baya a 2005 suka fito da ƙwayar Kaletra, wadda ake kira Aluvia a ƙasashenmu, an narka magungunan ƙanjamau biyu, lopinavir da ritonavir, cikin folima mai Tg sama sosai, ita bata buƙatar firiji saɓanin kafson da ya gabace ta, kuma wannan ya sauƙaƙa kai maganin wuraren da babu wuta.

Abinda zaka iya yi ko babu wuta, ka sa silin ko da na tabarma ko kwali ne a ƙarƙashin kwanon, ka sauko da magunguna daga kantar sama domin can zafi yake taruwa, ka nisanta su da bangon da rana ke duka da yamma, kuma ka sayi ɗan ma'aunin zafi ka rataye a shagon ka riƙa dubawa da azahar, yawancin kwalaye 25 ko 30 suke cewa kada a wuce. Kada ka ɓare ƙwaya daga fakitinta sai za'a sha, ɗan ƙunshin nan da ke cikin kwalba mai tsotse laima a barshi a ciki, kuma da zafin bazara ka rage yawan sari, ka riƙa ɗauko abinda zai ƙare da wuri. Wanda aka rubuta masa digiri 2 zuwa 8 kuwa, irin su insulin da allurar rigakafi, in baka da firiji mai aiki dare da rana kada ka ajiye shi kwata kwata, ka tura mai nema inda ake da shi.